Jan Faifai Mai Taurin Kai

A shekarar da aka sa mini ɗan bututu a jijiyar zuciya, na koma mutum mai tsoron jikinsa. Aikin kansa bai yi tsanani ba, ta hannu suka shiga, ban daɗe a mustashfa, wato asibiti, ba aka sallame ni. Amma da na dawo gida a unguwar Shisha sai na tarar na daina yarda da ƙirjina. Ko tari na yi sai na tsaya ina sauraron abin da zai biyo baya. Kamfanin da nake wa aiki a tashar Kudai, inda na yi shekaru ina jan bas ɗin alhazai, suka ɗauke ni daga sitiyari suka ba ni tebur, ina raba wa direbobi hanya. Daga kujerar ofis sai ta mota, daga ta mota sai ta falo. Daktur ya ce in riƙa tafiya da ƙafa kullum. Na ce masa to, na fito, ban yi ba.

Matata ta yi magana har ta gaji. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa ni da 'ya'yanmu mata da suke gidajen aurensu, duk a banza. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kai ƙarata wajen ƙaninta.

Shi ne auta a gidansu. A unguwar Tandabawi aka haife shi kamar mu duka, gidanmu da nasu katanga ɗaya ce ta raba, kuma na san shi tun yana rarrafe. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami ƙwarai. Da ya girma ya tafi karatun injiniya a wata ƙasa mai sanyi can arewacin Turai, ya daɗe, har muka fara cewa ba zai dawo ba. Ya dawo da furfura a gemu, ya kama aiki a Jidda, yana zuwa gaida yayarsa ranar Juma'a. Tsakanina da shi gaisuwa ce da cin abinci. Larabci yake yi, Hausarsa ta tsinke, in ya ɗauko zance da ita sai ya ajiye a tsakiya ya ƙarasa da Larabci. Ni kuwa ina ganinsa ɗan boko mai shiru-shiru, ban san me zan ce masa ba bayan tambayar aiki da hanya.

Wata Juma'a a farkon sanyi, bayan mun ci abinci, ya fita ya dawo da wata jaka a kafaɗa. Ya zazzage ta a kan kafet. Faya-fayan roba ne masu launi, ja da shuɗi da fari da ruwan lemo, kowanne bai fi faɗin farantin shayi babba ba.

Na ce, "Wannan fa? Murfin tukwane ka fara sayarwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wasa ne. A can na koya. Golf ne, amma da faifai. Ana jifa daga nesa, a bi shi, a sake jifa, har ya shiga kwando. Wanda ya yi jifa kaɗan shi ya ci."

"To ni me ya haɗa ni da shi?"

"Ba ni da abokin yi. Yalla, ka raka ni kawai. In ka ga dama ka zauna a mota."

Na kalli matata, ta sunkuyar da kai tana tattara kofuna kamar ba ta san komai ba. Na gane shiri ne, amma kunyar baƙo ta hana ni cewa a'a.

Bayan la'asar muka ɗauki hanyar Ɗa'if. Kafin a fara hawa dutse ya sauka daga kwalta, ya shiga wani fili mai yashi da tsakuwa, da itatuwan ƙaya a warwatse, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi. Ya ciro wani kwando mai ƙafa da sarƙoƙi daga bayan mota, ya buɗe shi kamar laima, ya kai shi can nesa ya kafa. Sannan ya dawo, ya ɗauki wani jan faifai, ya juya baya, ya yi taku kaɗan ya sake shi. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Faifan ya tafi a kwance, ya ɗan karkata dama, ya daɗe a sama kamar ya manta da ƙasa, sannan ya dawo hagu a hankali ya sauka kusa da wata bishiya. Ban san lokacin da na buɗe ƙofar mota na fito ba.

Ya shimfiɗa mini su a ƙasa yana bayani. Akwai mai kaurin baki, na kusa da kwando. Akwai matsakaici. Akwai kuma mai faɗin baki da kaifi, na cin nisa, ya ce shi Turawa suke kira direba.

Na ce, "To ai ni ma direba ne. Ba ni ɗan'uwana."

Ya ce, "Yaya, wannan jan yana da taurin kai. Ka fara da farin nan."

Na ɗaga farin na ji shi sakayau kamar kayan wasan yara. Na mayar, na ɗauki jan. Bai yi musu ba, ya nuna mini yadda zan naɗe yatsuna a ƙarƙashin bakinsa. Na wurga. Faifan ya tashi sama kamar zai duba wani abu, ya tsaya, ya kife hagu ya caki ƙasa ba nisa da ƙafata. Na je na ɗauko na sake. Hagu. Na karkata jikina dama na jefa, ya tafi daman kaɗan, ya juyo, hagu dai. Har rana ta kusa faɗuwa ban ga jifa ɗaya da ya tafi inda na nufa ba. Muka yi magariba a kan yashi, na koma gida da haushi. Da matata ta tambaye ni yadda aka yi, na ce mata faifan ƙaninta karkatacce ne.

Juma'a ta gaba ni na fara tambayar ko ya zo da jakar.

A wannan karon ya zaunar da ni a kan dutse ya yi mini bayani a tsanake, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce duk faifan da na hannun dama ya jefa ta bayan hannu, in gudunsa ya ragu hagu zai koma, haka halittarsa take. Bambancin kawai shi ne wani yana komawa da wuri, wani yana jinkiri. Mai taurin kai irin jan nan an yi shi ne don hannu mai ƙarfi. In ya sami gudun da yake so sai ya miƙe, in bai samu ba tun daga hannunka yake neman hagu. Mai sauƙin kai irin farin kuwa, gudu kaɗan ya ishe shi. A hannun mai ƙarfi zai kife dama ya ɓace, amma a hannu irin nawa shi ne zai tafi sambal.

Na ce, "Wato kana nufin ba ni da ƙarfi."

Ya ce, "La, wallahi. Ina nufin ba ka ba shi ƙarfin da kake da shi ba." Sannan ya ce, "Yaya, ka san inda hannunka na hagu yake in za ka yi jifa?"

Ban sani ba. Ya ce a kan ƙirjina yake, a dafe, kowane jifa. Ba na juya ƙugu, ba na juya kafaɗa, da tsintsiyar hannu kawai nake cilla faifan, kamar mai korar ƙuda. Na ɗauka zai yi mini wa'azi a kan tawakkali, irin wanda kowa yake yi mini tun da na fito daga mustashfa. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Ni ba likita ba ne. Ka tambayi daktur ko za ka iya juya jikinka da ƙarfi. In ya ce a'a, halas, shi ke nan, mu tsaya a na kusa da kwando, shi ma wasa ne."

Ranar da na koma ganin daktur na tafi da farin faifan a leda. Na ciro shi ina jin kunya, na kwatanta masa yadda ake yi. Ya karɓa ya jujjuya, ya tambaye ni ko ana tafiya a wasan. Na ce ai tafiyar ce ta fi yawa, kowane jifa sai ka bi abinka. Ya duba sakamakon gwajina, ya ce zuciyata ta fi yadda nake zato lafiya, in fara a hankali, in sha ruwa, in guji tsakar rana, in kuma na ji nauyi a ƙirji in tsaya in zo. Ya miƙo mini faifan, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Jefa, ya ammi. Zaman ne ya fi ba ni tsoro."

Daga nan na karɓi farin. Ya fi jan biyayya, amma har yanzu yana tashi sama ya faɗo hagu. Ƙanin matata ya ce hancinsa nake ɗagawa, wato gefen da ke gaba yana kallon sama lokacin da zai bar hannuna, sai iska ta shiga ƙarƙashinsa ta tsayar da shi. Na rantse a kwance nake sakinsa. Ya ce ba a kwance ba ne. Muka yi ta wannan gardama har gida.

Matata ce ta raba mu. Wata Juma'a ta ce za ta bi mu ta ga abin da ya sa mijinta ya fara neman takalmin tafiya. Ta zo da tabarma da fulas ɗin shayi da na'ana'a, ta zauna a inuwar mota. Ta kalle ni na ɗan lokaci, ta ɗaga wayarta ta ɗauke ni, sannan ta kira ni.

"Baban yara, zo ka ga kanka."

Na gani. Hancin faifan a sama yake ƙarara, kamar mai miƙa faranti a zuba masa abinci.

Ƙaninta ya ce, "A can suna cewa ka yi kamar kana zuba gahawa. Ka karya wuyan hannu ƙasa."

Ta ce, "To shi ya sa. Yaushe rabon da ya zuba wa kansa shayi?"

Ta miƙo mini fulas ɗin ta ce in zuba mata. Na zuba. Ta ce in tsaya haka, kada in motsa, ta zare fulas ɗin daga hannuna, ƙaninta ya sa faifan a wurin. Na ji yadda wuyan hannuna ya lanƙwasa, abin da aka yi makonni ana faɗa mini ban ji ba. Kafin in gwada sai ta tashi, ta gyara abayarta, ta ɗauki mai kaurin bakin nan ta ce bari ita ma ta ga abin da ake wa wannan wahala. Ba ta yi taku ba, ba ta yi wani shiri ba, ta sake shi kawai. Ya tafi a hankali, a miƙe kamar an ja zare, ya sauka a gabanta can. Ƙaninta ya yi tafi yana ihu. Ta koma ta zauna ta ce ba ta ga abin wuya a ciki ba. Ya yi ƙoƙarin ceto ni, ya ce irin wannan faifan ba ya neman gudu, shi ya sa yake miƙewa a hannun kowa. Ta nuna ni ta ce to a ba ni shi mana.

A ranar, kusa da magariba, na yi jifan da har yau nake tunawa. Na juya baya sosai har na daina ganin kwandon, na saki hannun hagu ya rataya, na karya wuyan hannu, na bar ƙuguna ya fara juyawa kafin kafaɗa. Farin ya fita da wata 'yar ƙara da ban taɓa ji ba. Bai tashi sama ba, bai nemi hagu ba. Ya tafi daidai tsayin kaina, ya yi ta tafiya, ya wuce bishiyar da na saba tsayawa a gabanta, ya wuce ta bayanta, sannan ya kwanta a yashi a hankali. Na tsaya ina jiran ƙirjina ya ce wani abu. Zuciyata tana bugawa da sauri, amma irin bugun da na sani ne tun ina yaro, in mun yi tsere a lungunan Tandabawi. Na ce alhamdu lillahi a fili. Matata kuwa na ga ta juya tana gyara abin da bai lalace ba a cikin kayan shayi.

Bayan wannan sai tafiyar ta zama tamu ni da shi. Faifai in ya yi nisa, bin sa ma yana yin nisa, kuma a nan ne muka fara magana. Wata rana muna tafiya ya ce, "Yaya, kai ka san Baba sosai, ko?"

Na ce na san shi. Mahaifinsu tsire yake yi a bakin layinmu, wanda Larabawan nan suke kira sire, kuma har daga wasu unguwanni ake zuwa saya. Na ba shi labarin yadda yake daka ƙuli da yaji da kansa ba ya yarda kowa ya taɓa, da yadda yake rera waƙa ƙasa-ƙasa in yana jera nama, da yadda in ya ga mu yaran layi mun tsaya muna haɗiyar yawu sai ya ce mu zo mu ɗanɗana masa ko gishiri ya ji. Na gaya masa ranar sunansa mahaifinsa bai sayar da ko tsinke ɗaya ba, duk abin da ya gasa rabawa ya yi.

Ya tsaya cak. Ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. Yayyensa mata in sun tashi zancen Baba kuka suke yi, shi ya sa ya daina tambaya. Abin da yake tunawa kawai ƙamshin hayaƙi ne a jikin wata riga.

Tun daga ranar kowace Juma'a da tambayar da yake zuwa da ita. Yaya muryarsa take, yana da faɗa, wane gari kakansu ya baro, da ƙafa suka zo ko ta ruwa. Abin da na sani na faɗa, abin da ban sani ba na ce ban sani ba. Ya roƙe ni in riƙa ba shi labarin da Hausa, ko da zai tsayar da ni ya tambayi ma'anar kalma. Shi ma ya buɗe mini nasa. Ya ce shekarunsa na farko a can sun yi masa nauyi, rana ba ta daɗewa a lokacin sanyi, ba wanda ya sani, yakan yi kwanaki bai yi magana da kowa ba in ba a aji ba. Wani dattijo maƙwabcinsa ne ya gan shi kullum a taga, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ja shi daji jifan faifai. Ya ce da yayarsa ta kira shi ta gaya masa halin da nake ciki, wannan dattijon ya tuna.

Jan faifan ban rabu da shi ba. Ina jefa shi lokaci-lokaci don in ga ko mun shirya. Filinmu ba ciyawa, duk saukar da zai yi a kan dutse ne ko tsakuwa, bakinsa ya yi ta ƙujewa yana samun tabo. Kafin sanyi ya ƙare na lura ya fara jinkirin komawa hagu. Na yi murna na ce hannuna ya yi ƙarfi. Ƙanin matata ya ce hannun ya ƙaru, gaskiya ne, amma duwatsun ma sun yi nasu aikin, domin faifai in ya sha duka taurin kansa raguwa yake. Abin da zai ɗauki shekara a kan ciyawa, a nan wata kaɗan ne. Ya koya mini kuma in kula da iska. In tana busowa ta gabana, faifan ji yake kamar an ƙara masa gudu, sai farin ya kife dama, a nan jan yake da amfani. In ta bayana take, sai in ɗauki farin. Da farin ya tsufa ya fara kifewa ko ba iska, ya nuna mini in sake shi gefen hagunsa na kallon ƙasa kaɗan, shi da kansa zai tashi ya daidaita ya miƙe. Wannan jifan ya fi kowanne daɗin kallo, kuma sai da na ɓata yammaci da yawa kafin ya zauna mini.

Da zafi ya shigo muka rage fita, da aikin Hajji ya matso kuwa muka daina gaba ɗaya, domin a Kudai ba mai ganin gidansa a wannan lokacin. Amma ban koma kujera ba. Ina sauka daga ofis in zaga tashar da ƙafa, in duba direbobi a inda suke maimakon in kira su a waya. Kafin sanyi ya dawo aka yi wa ƙanin matata canjin wurin aiki zuwa gabas, inda sai da jirgi ake zuwa. Da ya zo sallama ya sauke kwandon da jakar a falonmu. Na ce ya tafi da abinsa, zai buƙata. Ya ce a can akwai masu yi, zai samu wasu. Na rasa yadda zan gode masa, ban saba irin wannan magana da shi ba. Na riƙe hannunsa na ce Allah ya ji ƙan mahaifinsa, ya saka masa da alheri. Ya ce amin, ya rungume ni, ya fita da sauri.

Yanzu da matata nake zuwa. Ita mai kaurin bakin nan kawai take jefawa, ta ƙi taɓa sauran, kuma kusa da kwando ta fi ni nesa ba kusa ba. A sanyin da ya wuce muna isa filin hadari ya haɗu a kan duwatsu. Filin a kwari yake, mun san halinsa in ruwa ya sauka, don haka muka koma kan kwalta muka tsaya a wuri mai tudu, muna kallo daga cikin mota. Ruwan ya zo da ƙarfi, ya wuce da wuri, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Da muka dawo mako na gaba, ruwa ya share filin, ya kwashe tsakuwa ya shimfiɗa sabon yashi mai laushi, wata ƙaramar ciyawa har ta fara tsirowa a gindin itatuwa. Matata ta cire takalmi ta taka. Ta ɗauki hoton wurin ta aika wa ƙaninta, ni kuma na ɗauki kwandon na tafi neman inda zan kafa shi, domin dutsen da muke sa alama da shi ruwa ya tafi da shi.